Kicin da wanki a siririn jirgin ruwan Ingila: me za a ɗora wa gas, me za a ɗora wa batir?

Siririn jirgin da mutane ke zama a cikinsa a hanyoyin ruwan Ingila da Wales faɗinsa ƙafa 6 ne da inci 10, kimanin mita 2.08. Dalili kuwa shi ne ƙofofin ruwan (wuraren da ake ɗaga jirgi ko sauke shi daga wani matakin ruwa zuwa wani) da injiniya James Brindley da waɗanda suka biyo bayansa suka gina a ƙarni na 18, irin mafi yawan waɗanda ke kan hanyar Trent da Mersey, ƙafa 7 ne kacal, duk jirgin da ya fi haka kauri ba zai shige ba. Idan aka cire kaurin ƙarfe da abin hana sanyi da katakon bango, abin da ya rage a ciki wajen ƙafa 6 ne. A cikin wannan ɗan faɗin za a sa murhu da firji da wurin wanke-wanke, kuma a bar hanyar da mutum zai ratsa daga gaba zuwa baya. Bangon ɗakin ma ba a miƙe yake ba, daga sama yana karkatowa ciki, don haka dogon firji irin na gida ba ya jingina daidai.

Amma ni a ganina ƙarancin wuri shi ne ƙaramin ciwon kai. Ma'auni na awo yana warware shi cikin minti goma. Abin da ke sa mutane asarar kuɗi shi ne sayen kaya kafin su amsa tambaya ɗaya: a ina jirgin zai riƙa kwana?

Zama iri biyu ne. Akwai mai biyan haya a tashar ajiye jirage, yana da turken wuta a gefensa, ya jona waya ya samu lantarki bolt 230 kamar na gida. Yawancin turakun nan amfiya 16 suke bayarwa, wato wat 3,680 gaba ɗaya. Akwai kuma mai yawo, wanda ba shi da matsaya ta dindindin. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi kula da kusan mil 2,000 na hanyoyin ruwa daga British Waterways a 2012, tana ba irin wannan mutum lasisi bisa sharaɗin kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Da yawa daga waɗanda tsadar haya ta kora zuwa ruwa, musamman a Landan, a wannan rukuni suke. Shi mai yawo duk wutar da zai yi amfani da ita sai ya samar da abarsa: daga injin jirgi, daga farantin sola, ko daga janareta. Kuma sharuɗɗan lasisin sun hana tayar da inji ko janareta a tsaye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe, saboda maƙwabta.

Wanda ya taɓa riƙe gida da inbata da sola a Kano ko Kaduna ya riga ya san rabin karatun, domin shi ma ya san ba a jona dutsen guga idan an ɗauke wuta. Bambancin shi ne rana. A tsakiyar watan Disamba yinin Landan bai kai awa takwas ba, ranar ma a kwance take, gajimare ya rufe ta. Farantin da ke cika batir kafin azahar a watan Yuni da ƙyar yake riƙe firji a hunturu.

Bari mu yi lissafin, don shi ne ginshiƙin duk zaɓin da ke tafe. Jirgi na yau da kullum yana da batir huɗu masu ruwan asid, kowanne mai amfiya-awa 110 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ke nan), jimilla 440. Irin wannan batir ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 220, wanda a bolt 12 ya kama kimanin kilowat-awa 2.6. Wannan ne jarin yini guda: fitilu, famfon ruwa, cajin waya, kwamfuta, firji. Yanzu a ɗauki butar lantarki mai wat 2,000. Ta hanyar inbata tana jan sama da amfiya 180 daga batir lokacin da take aiki, kuma tafasa lita ɗaya na ruwan sanyi yana cin kusan amfiya-awa 10. Shayi sau huɗu a yini ya cinye abin da firji zai ci dare da rana. A ɗaya gefen, tukunyar gas mai kilo 13 tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kilowat-awa 180. Ko da rabin zafin ya tsere ta gefen tukunyar girki, abin da ya rage ya ninka jarin batir ɗin nan fiye da sau talatin. Shi ya sa nake tsayawa a kan cewa mai yawo kada ya roƙi batir ya yi masa zafi. Batir ya juya ƙananan injina, ya kunna fitila, ya sanyaya abinci. Zafi kuwa a nemo shi daga gas, dizal, gawayi, ko injin da dama yana aiki.

A kan murhu, gas ne ya fi yawa a jiragen nan, kuma da hujja. Akwai na musamman da ake yi don jirage da motocin zama (masu ɗakin kwana da kicin a ciki), irin na kamfanin Thetford, masu kai uku ko huɗu da ƙaramar tanda a ƙasa, waɗanda ake cusawa cikin kabad. Akwai kuma murhun gida mai faɗin santimita 50, wanda sau da yawa ya fi araha, tandarsa ta fi girma, sai dai dole a canza masa bakunan wuta daga na gas ɗin bututun gari zuwa na gas ɗin tukunya. Wanda ke girkinmu na gida, tuwo da miya da shinkafa, ya je shago da babbar tukunyarsa ko ya auna gindinta kafin ya saya. Ƙananan murahun jirgi kawunansu a matse suke, tukunyar tuwo ɗaya tana iya rufe kai biyu, ta bar ka da murhu mai kai huɗu da ba ya dafa abu biyu lokaci guda. Gara mai kai uku masu tazara, ɗaya daga ciki mai ƙarfin wuta. A duba kuma yadda yake kunnawa: wasu suna bukatar wutar bolt 230 don ƙyastu, wasu bolt 12, wasu ɗan ƙaramin batir. Na bolt 12 ya fi dacewa.

Gas ɗin da ake amfani da shi iri biyu ne, furofen da buten. Mai zama a jirgi har hunturu furofen zai saya, domin buten yana daina fitowa idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa, kuma tukunyar a waje take kwana.

Nan ne ba na son a yi gaggawa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. A gida idan ya zubo yana samun ƙofa ya fice. Jirgi kuwa akwatin ƙarfe ne da ba shi da ko huda ɗaya a ƙasa, gas ɗin da ya zubo sai ya gangara ƙarƙashin daɓe ya kwanta yana jiran tartsatsi. Saboda haka ne ake ajiye tukwanen a akwati na daban mai mafita ta waje sama da ruwa, kuma ake son kowane kan murhu ya kasance da na'urar da ke yanke gas da zarar wuta ta mutu. Kada a sayi murhun da ba shi da ita, komai arahar sa. Tsarin binciken lafiyar jirage na Boat Safety Scheme yana duba waɗannan duk shekara huɗu, kuma tun Afrilun 2019 ya wajabta ƙararrawar gano iskar kabon monoksaid a jiragen da ake kwana a ciki. Idan jirgin gidanka ne, ma'aikaci mai rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas a Birtaniya, wanda ya ƙware a gas ɗin jirage shi ne zai haɗa maka murhu. Ramukan shan iska da ke ƙofofi da rufi kuma ba a toshe su da tsumma don ana jin sanyi. An yi asarar rayuka ta wannan hanya.

To murhun lantarki mai maganaɗisu fa? Ina son sa, ba zan ɓoye ba. Ba harshen wuta, ba gas a cikin jirgi, ba ya ƙara tururin da ƙonewar gas ke haifarwa, gogewa ɗaya ya yi tsaf. Amma kai ɗaya yana jan wat 2,000 idan an buɗe shi duka. Ga mai turken wuta a tasha ya yi, muddin ya tuna da iyakar wat 3,680: murhu da injin wanki tare sun isa su yanke wutar turke. Ga mai yawo kuwa sai in yana da manyan batira na litiyam, waɗanda ake iya shan kashi 80 cikin 100 nasu ko fiye kuma suke karɓar caji da sauri, da inbata mai wat 3,000, da hanyar cika su a hunturu. Sababbin jiragen da aka ƙera da injin tuƙi na lantarki da babban rumbun batir mai bolt 48 suna yin haka lafiya. A ce za a mayar da tsohon jirgi haka don kawai a girka abinci, kuɗin ya ninka na murhun sau da yawa. Litiyam ɗin ma ba a yi masa caji idan ya yi sanyi ƙasa da sifili, don haka ba a ɗakin inji mai sanyi ake ajiye shi ba sai da kariya.

Murhun dizal, irin na Wallas, yana shan mai daga tankin jirgi, hayaƙinsa yana fita waje, ya raba ka da ɗaukar tukwanen gas. Yana da tsada, yana jinkirin ɗaukar zafi, mai gyaransa ba ko'ina yake ba. Ga wanda ya ƙi gas kwata-kwata kuma ba shi da litiyam, shi ne mafita.

Akwai murhu na biyu da kusan kowane jirgi yake da shi ba tare da an lissafa shi ba, wato murhun ƙarfen ɗumama ɗaki mai cin gawayi ko itace, irin Morsø Squirrel. Daga Oktoba zuwa Maris yana ci dare da rana, samansa kuma da zafi. Wake, ganda, ƙashin miya, duk abin da ke son ya daɗe a wuta a hankali, a ɗora a kai da safe, kafin la'asar ya yi laushi ba a taɓa gas ba. Da bazara kuma tukunyar matsi ce ke wannan aiki, tana rage lokacin dahuwar wake zuwa ƙasa da rabi, tana kuma rage tururin da ke jiƙa tagogi. Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tsakaninta da maikurowe, tukunyar matsi zan ɗauka. Maikurowe mai wat 800 a rubuce yana jan sama da 1,100 daga waya, kodayake na 'yan mintuna ne, don haka mai inbata mai kyau zai iya jure shi. Injin suya da iska mai zafi da injin wanke kwanuka na kan tebur kayan mai turke ne, ko a bari sai jirgi yana tafiya.

Firji shi ne abu ɗaya da ba ya barci, saboda haka yawanci shi ne ya fi komai cin batir a yini. Iri uku ne a kasuwa, amma ɗaya a cire shi tun yanzu: firjin nan mai aiki da gas ko bolt 12 ko wutar gida, wanda ake sa wa a motocin zama. A kan bolt 12 yana jan amfiya 8 zuwa 10 ba tsayawa, ya ƙarar da batir ɗinmu huɗu a yini guda. A kan gas kuma harshen wuta ne ke ci kusa da daɓe dare da rana, daidai inda gas mai zuba ke taruwa.

Saura biyu, kuma a nan gardama take da gaske. Firjin bolt 12 mai kwamfiresa, irin na Shoreline ko Inlander ko Isotherm, yana jonuwa kai tsaye da batir, yana cin wajen amfiya-awa 30 zuwa 50 a yini, gwargwadon girma da zafin gari. Kuɗinsa ya ninka na firjin gida mai girmansa sau biyu ko uku. Firjin gida mai bolt 230 kuwa araha ne, akwai shi a kowane shago, na zamani ba ya cin wuta sosai, amma dole inbata ta kwana a kunne. Inbata tana da nata cin ko ba a jona komai ba. Wadda ke cin wat 15 a zaune ta sha amfiya-awa 30 a awa 24, kusan firji na biyu ke nan. To ga yadda nake raba su. Idan dama inbatarka ba ta mutuwa, saboda kana aiki daga jirgi da kwamfuta da intanet, kuma mai kyau ce da ba ta ci da yawa a zaune, sayi firjin gida mafi ƙarancin cin wuta da ka samu, ka adana kuɗinka. Idan kuwa kana iya kashe inbata da dare da kuma lokacin da ka fita aiki, na bolt 12 ya fi, kuma ranar da inbata ta lalace abincinka ba zai lalace tare da ita ba.

Mai sayen na bolt 12 ya kula da waya. Batira suna can baya kusa da inji, kicin yana iya zama mita goma a gaba. Siririyar waya tana zubar da ƙarfin wuta a hanya, firjin ya ɗauka batir ya yi ƙasa ya ƙi tashi, mai shi ya yi ta zagin kamfani alhali laifin waya ne. Jiragen da aka sa kicin a baya sun huta da wannan. Kowane iri aka saya, a bar masa sarari a baya. Wasu suna huda daɓe a ƙarƙashinsa su sa ƙaramar fanka ta kwamfuta ta jawo sanyin da ke ƙasan jirgi, inda ƙarfe ke taɓa ruwa, kuma dabarar tana aiki. Wannan sanyin na ƙasa ya isa ya riƙe dankali da albasa da doya ba tare da firji ba.

Firiza kuwa yawancin masu ba da shawara cewa suke a haƙura da ita. Ga Musulmi maganar ta ɗan bambanta. A Birmingham ko Leicester ko Southall ko Blackburn, waɗanda dukkansu hanyar ruwa ta ratsa su, naman halal ba wuya. Amma jirgi mai tafiyar mil 3 zuwa 4 a awa yana iya yin makonni a ƙauyukan Shropshire ko Northamptonshire ba a ga mahauci ko ɗaya ba. Don haka ɗan akwatin ƙanƙara na cikin firji ba zai wadatar ba. Ƙaramar firiza mai buɗewa ta sama, mai bolt 12, lita 30 zuwa 40, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera ko matakala, ta cancanci wutar da take ci. Buɗewa ta sama tana da amfani domin sanyi ba ya zubowa idan an ɗaga murfi.

Wanki ne wurin da ra'ayi ya fi rabuwa, domin yana cin abubuwa uku da suka yi ƙaranci a jirgi lokaci guda: wuri, wuta da ruwa. Tankin ruwa yawanci lita 400 zuwa 700 ne, kuma idan ya ƙare sai an kwance jirgi an je famfon hukuma, wani lokaci a bi layi.

Ƙananan injina masu sarrafa kansu, irin Candy Aquamatic mai faɗin wajen santimita 51 da tsayin wajen 70, ko ƙaramin Zanussi mai kilo 3 da ake yawan tararwa a tsofaffin jirage, suna ɗaukar kilo 3 zuwa 4, suna shan kimanin lita 40 a wanki ɗaya. Suna shiga kabad, amma ƙanƙantarsu ba ta sa sun yi araha ba, sau da yawa sun fi babban inji tsada. Kilo 3 kuma ba yawa ba ne: kaftani biyu da wandunansu da ɗan abin da ba a rasa ba, bargo kuwa ba zai shiga ba. Babban inji mai faɗin santimita 60 yana wanke kayan mako a zubi ɗaya, kuma idan aka raba ruwan da ya sha da nauyin kayan, ya fi ƙaramin tattali. Ga iyali mai yara shi zan zaɓa idan akwai wuri, a nemi mai gajeren ciki, santimita 40 zuwa 45.

Duka biyun matsalarsu ɗaya: abin dafa ruwa. Motar da ke juya ganga 'yan ɗaruruwan wat take ci, amma hitar ƙaramin inji tana jan 1,300 zuwa 1,600, ta babba kuma 2,000 ko fiye. Ɗumama lita 10 daga digiri 10 zuwa 40 kaɗai ya haura amfiya-awa 30. Mazauna jirgi sun daɗe da gano hanyar kauce wa wannan. Injin jirgi idan yana tafiya yana ɗumama wani tanki na ruwa kyauta. Sai a sa injin wanki a kan wankin sanyi don hita ta yi shiru, a zuba masa ruwan ɗumi daga tankin nan, ko dai da buta kai tsaye cikin ganga kafin a rufe, ko a haɗa bututunsa da famfo mai gauraya zafi da sanyi. Sannan a yi wanki ranar tafiya, altaneta, wato na'urar injin jirgi da ke cajin batir, tana mayar da abin da ake ci. Saboda haka kafin a sayi kowane inji a tabbata yana da maɓallin kashe zafi gaba ɗaya. Inbata kuma dole ta zama mai fitar da wuta sumul irin ta gida, wadda masu sayarwa ke kira fiyo sain. Mai arahar nan da wutarta ke tsalle-tsalle tana rikita ƙwaƙwalwar injin wanki, ya tsaya a tsakiya ko ya ƙone. Araha ba ta ado. Ko da mai kyau ce, wasu injinan suna da tsirfa, don haka a tambayi wanda ke da irin inbatarka wane inji ne ya zauna lafiya da ita.

Sai injin nan mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, wanda aka sani sosai a gidajen Najeriya. Ba shi da hita, ba shi da ƙwaƙwalwar da za ta rikice, wat 300 zuwa 400 yake ci, ƙaramar inbata ma ta ɗauke shi. Na roba ne mara nauyi, ana ajiye shi a wurin wanka, a cika shi da bututun shawa, ruwan ya fita ta magudanar shawa. Kai ne ke iko da ruwa: a fara da fararen kaya, a bi da masu launi a ruwa ɗaya. Kuɗinsa bai kai rabin na mai sarrafa kansa ba. Aibinsa shi ne sai ka tsaya a kansa, kana cirewa kana mayarwa, kuma roba ba ta daɗewa kamar ƙarfe. Ga mutum ɗaya ko ma'aurata masu yawo da batir na asid, ban ga abin da ya fi shi ba. Bargo da manyan zannuwan gado a kai shagon wanki na gari ko na tashar jirage lokaci-lokaci.

Injin da ya haɗa wanki da busarwa kuwa ba na ba mai yawo shawararsa. Busarwar tana jan wuta mai yawa na tsawon awa ɗaya ko biyu, kuma yawancinsu suna shan ruwan sanyi daga tanki yayin busarwar ma. Abin da ya fi amfani shi ne ɗan injin matsa na daban mai juyi 2,800 a minti, wanda cikin 'yan mintuna yake fitar da ruwan da injin wanki ya bari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a hunturu, domin duk ruwan da ya rage a kaya idan aka shanya su a ciki, a tagogi da bayan kabad zai ƙare, daga nan sai fumfuna. A shanya kusa da murhun ɗumama, ba a kansa ba, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe.

Ruwan wanki da na wanke-wanke a hanyoyin ruwan nan kai tsaye yake fita cikin hanyar ruwan ta gefen jirgi, inda agwagi da kifi suke, don haka a nemi sabulu mai saurin narkewa a ruwa, a rage yawansa, a bar bilic. Kafin a biya kuɗin kowane babban kaya kuma a auna ƙofar baya da ta gaba da ƙofar gefe, a auna lungun da za a juya da shi a ciki, domin akwai jiragen da ƙofarsu ba ta kai santimita 60 ba, har sai an cire ƙyaure ko taga. Idan ya shiga a ɗaure shi da bango ko daɓe, domin jirgi yana bugun bango a cikin ƙofar ruwa, kuma inji mai nauyin kilo 60 a gefe ɗaya yana karkatar da jirgin har sai an matsar da tubalan nauyin da ke ƙarƙashin daɓe zuwa ɗaya gefen.